Hutun Kawu Wilfred

Grimsby, 2 ga Nuwamba, 1970

Kawu Wilfred,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke riga gidan rediyo sanin za a yi ruwa. Enid ce, 'yar Ada, mai rumfar kifi a kasuwa, ko da ka manta. In ka manta ma ba laifi, rabonka da mu tun jana'izar Mama, shekara goma sha tara ke nan.

Barka na ɗauki alƙalami in yi maka. Ranar Lahadi aka sake nuna wani tsohon fim a talabijin, sai ga ka. Kawu, ban taɓa ganin mutumin da ya iya buɗe ƙofa kamarka ba. Ka buɗe ta, ka ɗan rusuna, ka ce, "An shirya abinci, ranka ya daɗe," ka ja da baya ka rufe. Daƙiƙa tara, na duba agogo. Na ƙwala wa maƙwabciyata Maud mai ƙwai kira ta zo ta ga dangina, kafin ta sa tabarau har ka rufe ƙofar. Amma ta ce ta san ka sarai: kai ne likitan da ya girgiza kai a fim ɗin jirgin ruwa, kai ne kuma sajan ɗin da aka kwaɗa wa tukunya a ka. Ta ce yaya sunanka? Na ce Aubrey Delamere. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Na ce to, sunanka na gida, Wilfred Oglesby. Ta ce a'a, wannan ai ɗan mai ɗinkin taru ne da ya gudu London.

Ka ga ɗaukaka ke nan. Duk Ingila ta san fuskarka, ba wanda ka ɗora wa wahalar riƙe sunanka. Wasu 'yan wasan sai sun haddace littafi guda kafin su ci abinci, kai kuwa shekara arba'in kana ci da kalma shida.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Mijina Len ya rasu a watan Yuni. Gidan Kaka ya yi mini girma. Ɗakin baya, wanda ka kwana ciki kana yaro, mai tagar da ke kallon tashar jiragen ruwa, ba kowa a ciki. Akwai wani Mista Haxby, ma'aikacin tasha, yana ta zirya yana so. To amma kafin Mama ta rasu ta sa na yi mata alkawarin ba zan sa baƙo a ɗakin nan ba sai na tambaye ka, wai ranar da London ta gaji da kai za ka buƙace shi. Ga shi na tambaya. Na san amsar, mutum kamarka me zai yi da ɗaki mai ƙarnin kifi? Sai dai ka rubuto a'ar da hannunka kafin sabuwar shekara, in sauke nauyin.

'Yarka,
Enid Scrimshaw

London, 21 ga Nuwamba, 1970

Enid 'yata,

Takardarki ta same ni, na kuma ji daɗinta fiye da yadda kike zato. Ina lafiya. Ina yi miki ta'aziyyar Len, Allah ya jiƙansa. Na tuna shi, shi ya riƙe mini lema a maƙabarta alhali ruwa na dukansa. Gwiwar nan ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Ki gaya wa Maud ba tukunya ba ce, butar shayi ce, kuma sau goma sha ɗaya aka kwaɗa mini ita kafin darakta ya gamsu. Daƙiƙa taran da kike raina wa kuma, ki sani wanda ke zaune a kan kujera ɗan wasa ne kamata, sanye da kayan aro. Ba ya zama mai sarauta a idon 'yan kallo sai wanda ya buɗe ƙofa ya rusuna daidai. Ni nake naɗa su, su kuma a rubuta sunansu da manyan baƙaƙe.

Kin tambayi halin da nake ciki, ko da yake ba kai tsaye ba. A yanzu ina hutu. Wata goma sha huɗu ke nan ina hutu, ban taɓa yin mai tsawonsa ba. Dillalin da ke nemo mini aiki ya ce kada in yi nisa da waya, ni ma ba na nisa. Da hantsi nakan zaga lambu, sannan in zauna a ɗakin karatu na unguwa, akwai ɗumi a can. Na rage cin nama, jiki ya yi sauƙi, har na huda sabon rami a bel ɗina. Mai gidan da nake zaune, Madam Pargeter, za ta sayar da gidan a ƙarshen Fabrairu ta koma wurin ɗanta, saboda haka za a yi 'yan sauye-sauye.

Ɗakin kuwa, ina tuna tagar nan. Kada ki takura kanki saboda ni. Mai hutu irin nawa ba shi da bakin cewa a ajiye masa komai. Ada dai ta san ni.

Kawunki,
Wilfred

Grimsby, 9 ga Disamba, 1970

Kawu,

Ina gaisuwa. Gwiwa ta gode da shawara, ta ce ita ma a ba ta hutu.

Wata goma sha huɗu! Sai da na karanta wa layinmu na kasuwa takardarka, tun daga masu ƙwai har masu dankali. Sid mahauci ya ce in tambaye ka ko ana ɗaukar masu ƙiba a sana'ar, shi ma ya iya buɗe ƙofa. Ni a shekara talatin hutuna kwana huɗu ne, a Cleethorpes, ana tafka ruwa, kuma daga bakin tekun ina hango hayaƙin tasharmu. Kai kuwa zagayen lambu da karatun littafi, har da rage cin nama don kada tumbi ya ɓata hoto. Allah ya ƙara hutu. In ka koma sabon gidan ka aiko da adireshi, in san inda zan aika katin Kirsimeti mai zuwa.

Ba ka rubuta a'a da baƙaƙenta ba, amma na daɗe a kasuwa, na san mai cewa "bari in zagaya in dawo" ba ya dawowa. Na ba Haxby ɗakin, zai tare ranar huɗu ga Janairu. Mutum ne mai shiru. Kowa dai ya san kwat ɗinsa kan fito daga tasha da ƙiba fiye da yadda ta shiga, amma wannan tsakaninsa da masu gadi ne.

Na cika wa Mama alkawari. A sha hutu lafiya.

Enid

London, 19 ga Janairu, 1971

Enid,

Ina gaishe ki. A nan ne aka saba cewa ina lafiya. Yau ba zan ce ba.

Mako shida ina fara wannan takarda ina yagawa. Ki zauna ki karanta ta ke kaɗai, kada ki kai ta kasuwa.

A sana'armu ba a cewa ba ni da aiki. Ba a furta shi sam, kamar yadda mutanenku ba sa ambaton alade a cikin jirgin kamun kifi. Sai a ce ana hutu. Duk ɗan wasan da ya ce miki yana hutu, to, waya ce ta daina ƙara. Na rubuta miki kalmar ina zaton duk duniya ta san ma'anarta, don na manta rabon da in yi doguwar magana da wanda ba ɗan wasa ba. Na zaci na gaya miki komai. Da amsarki ta zo sai da na yi dariyar takaici.

Wata goma sha shida yanzu ban yi aiki ba. Ɗakin karatu nake zuwa don ɗakina ba wuta. Nama ba don hoto na bari ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Ana saura mako guda Kirsimeti wayar ta yi ƙara. Baran gida suke so, a wani wasan talabijin. Na goge takalmi na tafi. Daraktan yaro ne mai gashi har kafaɗa, ya ce, "Baba, ai kai ne mutumin nan! Ba sai mun gwada ka ba, amma yi mana sau ɗaya mu gani." Ga ƙofar katako a tsaye tsakiyar ɗaki. Na buɗe, na rusuna, na buɗe baki. Ba komai. Na san akwai abinci a cikin maganar. Na san akwai mai sarauta. Yadda ake haɗa su ne ya ɓace. Wata mai riƙe da takardu ta raɗa mini kalmomin, na faɗa. Aka ce a sake. Na rufe ƙofa, na buɗe, sun sake tafiya. Kalma shidan nan, Enid, waɗanda kika ƙirga.

Ya ce sun gode, za su neme ni. Ita ma wannan maganar tana da tata ma'anar.

Ba ranar mantuwar ta fara ba. Nakan bar buta a kan wuta. Ran nan na tsaya a titinmu ban san ta ina ake shiga gida ba. Abin da aka rubuta a takarda yana zama, in na maimaita shi. Abin da aka faɗa da baki sai ya bi iska. Labari ya zaga, dillalina ya daina amsa kirana.

Ranar ashirin da takwas ga Fabrairu zan fita daga gidan nan, kuma ba sabon adireshi. Abu biyu nake roƙo. Na farko ɗakin. In Haxby ya riga ya tare, to na biyu: akwai ɗan lungun nan na ƙarƙashin matakala inda Kaka ke ajiye gawayi. Ba ni da tsawo. Na iya wanke kwano, ƙofa kuma har yanzu hannuna bai manta ba.

Wilfred

London, 16 ga Fabrairu, 1971
(ta hannun direban motar kifi)

Enid,

Ina fatan kina lafiya, ke da gwiwar. Ni tari ne ya kama ni, ba wani abu ba.

Na san 'yan gidan waya suna yajin aiki. Amma takardata na jefa ta ana gobe za su fara, kuma na tsaya na ga an kwashe akwatin da idona. Saboda haka kin karanta. Wata guda ke nan shiru, alhali motocin kifinku kullum suna zuwa London.

Da sassafe na taka zuwa kasuwar kifi, na bi motocin ɗaya bayan ɗaya har na ga mai rubutun Grimsby. Direban, Cyril, yana ganina ya jefar da sigari ya miƙe, ya ce takardunsa duk a cike suke. Ya ɗauka ɗan sanda ne. Ban ƙaryata shi ba, na ce ya kai wannan rumfar Scrimshaw hannu da hannu.

Ba na ganin laifinki. Wanda ya yi shekara goma sha tara bai aiko ko kati ba, bai kamata ya ƙirga wa wani kwanakin shiru ba. Abin da na faɗa miki ba zan iya sake rubuta shi ba, sau ɗayan ma da ƙyar. Ki manta da na farkon. Na biyun kawai, ki ce e ko a'a. Ko a'a ce ki rubuto, in daina sauraron ƙofa.

Saura kwana goma sha biyu.

W.

Grimsby, 24 ga Fabrairu, 1971

Kawu,

Gaisuwa. Tarin nan ka sha zuma da lemon tsami. Cyril ya kawo takardarka bayan ta yi kwana biyar a aljihunsa, yana ta tambaya wane laifi na yi.

Na karanta ta sau uku ban gane ba. Wane na farko? Wane na biyu? Kwana goma sha biyun me? Takardarka ta ƙarshe da na gani ita ce ta hutu da zagayen lambu, tun Nuwamba. In sabon wasa kake gwadawa a kaina, ya yi kyau, don tun da na karanta abinci bai yi mini daɗi ba. In kuwa ba wasa ba ne, ka yi mini magana irin ta mutane. Ni a rumfata in kifi na jiya ne ba na cewa hutawa yake yi.

Cyril zai sake zuwa London ranar Talata. Ka ba shi amsa.

Enid

Grimsby, 19 ga Maris, 1971
(zuwa ɗakin maza na asibiti, gado na bakwai)

Kawu Wilfred,

Ina gaishe ka, ya jiki? Sista ta ce zazzaɓin ya sauka, ƙirjin ma ya fara saki. Enid ce, 'yar Ada. Na zo na gan ka ranar Asabar da ta wuce, na gaya maka duk abin da ke cikin takardar nan, amma na san abin baki ba ya zama, shi ya sa na rubuta. Ka ajiye ta ƙarƙashin matashi, ka riƙa maimaitawa.

Cyril ya je gidan Madam Pargeter ranar biyu ga wata, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya dawo mini da takardata. Ga ta nan na haɗo maka, ka ga irin wayon 'yarka. Taka ta Janairu kuwa sai da aka janye yajin aiki ta iso, ranar goma sha ɗaya. Mako bakwai tana kwance a buhu. A rumfa na buɗe ta, hannuna duk ɓawon kifi. Ban kai ƙarshe ba na cire rigar aiki na ce wa Maud ta rufe mini. Ta ce lafiya? Na ce hutu zan tafi.

Ni da nake duban idon kifi in faɗi ranar da aka kama shi, na karanta sabon rami a bel da zaman ɗakin karatu don ɗumi, ban ji ƙarnin komai ba. Har na karanta wa kasuwa aka yi dariya. Wannan kunya tawa ce, zan riƙe ta. Amma kai ma ka riƙe taka.

Ka san wahalar neman mutumin da kowa ya sani? Na je mashayar nan ta bayan gidajen wasa inda 'yan sana'arku ke zama. Tsofaffi biyar a tebur guda, kowa da farar kwala, kofi ɗaya a gabansa tun safe. Na ce Aubrey Delamere. Suka ce sun kwana biyu ba su gan ka ba, ƙila kana hutu. Na ce su fa? Duk biyar ɗin hutu suke. Wannan karon takalmansu na duba, ba fuskarsu ba. Na saya musu gurasa da nama, suka ce ba sa jin yunwa, suka cinye har ɓurɓushi. Ɗaya ya ce in gwada ɗakin karatu.

Matar da ke kula da wurin ba ta san Delamere ba, ba ta san Oglesby ba. Na kwatanta ka, ta ce tsofaffi masu baƙar kwat sun fi ashirin kullum. Raina ya ɓaci. Na fita, na ja ƙofar, na sake buɗe ta, na rusuna da gwiwar nan tawa, na ce, "An shirya abinci, ranka ya daɗe."

"Au, baran nan!" in ji ta. "Ai ranar Talata ya faɗi a nan kusa da jaridu."

A asibiti ma haka. Ba takarda a aljihunka, da aka tambaye ka suna ka ba su guda uku, duk na cikin wasa. Masu jinya sai suka riƙa ce maka Likita, ɗaya har ta rantse ka taɓa duba mahaifiyarta. Kwana taran da ke tsakanin fitarka da faɗuwarka ban tambayi inda ka yi su ba, kai ma ba ka tuna ba, a bar su haka. Da na tsaya a kanka ka buɗe ido ka ce, "Ada, kada ki damu, hutu nake yi." Na ce na sani, Kawu. Yanzu na sani.

Maganar lungun gawayi kada in sake jin ta. Ɗakin baya naka ne. Ban kori Haxby ba, ba halina ba ne. Hotonka kawai na samo wurin tsofaffin nan, wanda kake sanye da kayan sufeto, na rataye a saman matakala. Haxby ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce kamar ya san mutumin nan. Na ce dole, kawuna ne, zai dawo nan da zama, ya gaji da ɓarayin London yana so ya ga na tasha. Kwana biyu ya haɗa kayansa ya koma wurin ƙanwarsa, har ya manta kifi uku a kan taga. Karo na farko ke nan da fuskarka ta yi wa dangi aiki, ka ga ba a banza ka yi shekara arba'in ba.

Ranar Juma'a, ashirin da shida ga wata, zan zo in ɗauke ka a jirgin ƙasa na ƙarfe goma. Ga abin da za ka haddace, na rage maka. In mun iso gida, kai ba za ka taɓa ƙofa ba, ni zan buɗe. Zan ce an shirya abinci. Kai kuma ka ce, "Na gode, Enid." Kalma uku. In sun ɓace, ka shiga kawai ka zauna, ba wanda zai ce a sake.

Kada ka ɗauka na yi laushi. Kwanon za ka wanke, kuma kalmar nan ta hutu na haramta ta a gidana, ita da alade.

Saura abu ɗaya. Mai kawo wasiƙu ya ce tunda za mu zama biyu, in ƙara suna a jikin ƙofa, kada wata takardar ta sake ɓata. Na sayi fenti, na tsaya da buroshi a hannu. Wanne zan rubuta: wanda uwarka ta raɗa maka, da ka yar tun shekara arba'in, ko wanda ka raɗa wa kanka, da har yau ba wanda ya ɗauka?

'Yarka,
Enid